Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: wa ake nufi?

Abban Nana: Assalamu alaikum. Jiya mun yi cacar baki da Yayana a kan wani tsiro da ya fito a gindin katangata tun ruwan farko. Furensa fari ne dogo kamar bakin algaita, ƙwallonsa duk ƙaya. Ni sha'awa ya ba ni, har ruwa nake zuba masa. Yaya ya ce zaƙami ne, in tuge shi saboda yara. Na ce ai ciyawa ce kawai. Sai ya ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ya sa takalmi ya fita. Abin ya tsaya mini a rai. Tsiron yake nufi, ko kansa, wai na raina shi?

Maman Sadiq: Wa'alaikumus salam. Fara tuge shi tukuna, fassara ta biyo baya. Zaƙami daga saiwa har ƙwaya guba ne. Yaro ya ci 'ya'yansa sai baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, ya shiga sambatu. Ba a banza ake ce masa haukata yaro ba.

Malam Idi: Karin maganar nan ba ruwanta da tsiro. Mutum ake nufi, wanda ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Yayanka ya ji ka raina saninsa ne.

Baban Khairat: Malam, ban yarda ba. Ana faɗar ta a kan ƙaramin bashi, da ɗan ciwon da aka ƙi kai wa asibiti. Duk abin da aka ce bai kai ya kawo ba.

Jikar Inna: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙan ta. Ba a cire komai a tsakar gidanta sai an faɗi sunansa. Takan zaunar da mu ta tsinko tafasa da rai ɗore, ta ce mu raba. Dukansu furensu rawaya, to ina bambancin? Sai ta ce ku ƙirga. Tafasa ganye 6 ne a kan hannu guda, bibiyu suna duban juna, bakinsu a zagaye, da magariba kuma su naɗe. Rai ɗore ganyensa ya fi yawa, mai tsini ne, ka murza shi ka ji wari. Aya-aya kuwa a yatsa take sa mu juya karanta mu ji kusurwa 3, ta ce in ba ku tono ƙwayar da ke ƙasa ba, kun yi aikin banza.

Akwai matar kawuna da take ganin duk wannan surutun tsufa ne. Tumfafiya ta fito a bayan ɗakinta, Inna ta ce a sare ta, yara na wasa a wurin. Ta ce Inna, ke dai ba kya rasa magana. Ba a yi sati ba ɗanta ya karya reshe, farin nonon ya fantsama masa a ido. Ihunsa har yau ina jin sa. Inna ce ta danne shi a cinya tana kwarara ruwa buta bayan buta kafin a tafi asibiti. Ya yi kwanaki yana gani dishi-dishi, sannan ya washe. Da suka dawo, Inna tana shara, ko ɗagowa ba ta yi ba ta faɗi wannan karin maganar. Matar kawu ta fashe da kuka, ta durƙusa tana neman gafara. Mu yara mun ɗauka tumfafiya ake nufi. Sai da na girma na fara tunanin ko Inna kanta ce hakin.

Malam Idi: Allah ya jiƙan Inna. Kun ji ko? Mutum ne.

Baban Khairat: Malam, idon wa aka tsone? Inna ta tsone shi ko tumfafiya?

Ɗan Autan Gida: Ni hakin da na sani shi ne talaka ranar zaɓe. Shekara 4 ana taka shi, ranar nan sai ka ga manya suna murza ido.

Maman Sadiq: Su kuma ƙuduji ne. Fure jaja-jaja a sama, a ƙasa yana tsotsar saiwar dawa.

Ɗan Autan Gida: Lokacin kamfe kuwa ƙarangiya, ka kakkaɓe riga su koma wando.

Malam Idi: To, an fara. Mu da muke maganar Yayan Abban Nana.

Abban Nana: Na tuge shi, na sa leda a hannu, na ƙone ƙwallayen. Gobe zan je in gaishe da Yaya. Amma Jikar Inna, akwai wani a bakin ƙofa mai shimfiɗa a ƙasa, ɗan furensa rawaya, ya huda tayar keken Nana sau 2.

Jikar Inna: Tsidau ke nan. Duba ɗan, zai rabe gida 5, kowanne da ƙayarsa. Tuge shi kafin ya bushe ya zube.

Baban Khairat: Mu tsaida muke cewa. Ko ba shi ba ne?