Ƙora a kan yarona ta ƙi jin man shafawa

Uwar Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya game da ɗana mai shekara 7, wanda ƙora ta fito masa a tsakiyar kai kimanin wata biyu da suka wuce. Gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, kuma yana yawan susa da dare. Na sayi wani man shafawa a kemis, wanda aka ce mini yana maganin kowace irin cutar fata, kuma a makon farko wurin ya lafa har na yi murna, amma da na daina shafawa sai ta dawo ta fi da faɗi. Yanzu kuma ƙanwarsa ta fara makero a wuya, zagaye kamar zobe. Shin cuta ɗaya ce ke damun su duka biyun, kuma me ya sa man bai yi aiki ba?

Malamin Asibiti ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaran lafiya. Bisa ga bayaninki cuta ɗaya ce, wurin da ta kama ne ya bambanta. Ƙwayar da ke haddasa ta dangin funfuna ce, tana rayuwa ne da cin sinadarin keratin da ke saman fata da gashi da farce, shi ya sa take faɗaɗa daga gefe, tsakiyar kuma ta yi kamar ta warke.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, makeron jiki yana jin man shafawa irin su clotrimazole ko terbinafine idan aka dage mako 2 zuwa 4, amma ƙorar kai ba ta ji, domin ƙwayar tana shiga cikin jijiyar gashi inda man ba ya kaiwa. Sai an sha magani ta baki, galibi griseofulvin na mako 6 zuwa 8 ko terbinafine na kusan mako 4, kuma gwargwadon nauyin yaro ake auna shi, don haka dole ne likita ya gan shi tukuna. Idan griseofulvin aka ba ki, ki riƙa ba shi tare da madara ko abinci mai maiƙo, domin jiki ya fi karɓar sa haka. Mai ciki kuwa ba ta shan sa.

Man da kika saya ya fi damuna. Ki duba kwalin, idan kika ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, ki daina shafa shi a kan yaran. Waɗannan suna kwantar da ƙaiƙayi da ja, amma suna raunana garkuwar fata, sai ƙwayar ta samu damar yaɗuwa a ɓoye, har ta sauya kamanni ta yadda likita ma zai sha wahalar gane ta.

Wanzamin Unguwa ya amsa:

Hajiya, ni aski ne sana'ata, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta shafe mu. Da yawa daga cikin yaran da ke ɗaukar ƙora ta hannun aska ko injin askin da ba a tsabtace ba suke ɗauka, sai kuma mataji da hula da matashin kai da ake haɗawa a gida. Ki saya wa yaron nasa kayan aski, ki wanke zanen gado da tawul da ruwan zafi, ki shanya su a rana. Ina kuma roƙon iyaye su daina kankare wurin da reza suna zuba tafarnuwa ko man birki, domin na ga kawunan da hakan ya ƙone, gashi bai sake tsirowa ba.

Malamin Asibiti ya ƙara da cewa:

Maganar wanzami gaskiya ce. A duba dabbobin gida ma, domin kyanwa da ɗan maraƙi suna ɗauke da ita. Sabulun wanke kai mai ketoconazole sau biyu a mako yana rage yaɗuwa tsakanin yara, ko da yake shi kaɗai ba ya warkarwa. Idan kuma wurin ya kumbura ya fara fitar da mugunya, kada a bari a tsaga shi kamar maruru, a kai shi asibiti a ranar.

Uwar Uku ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, kuma lallai akwai betamethasone a jiki, don haka na ajiye shi. Gobe da safe zan kai su asibiti su duka ukun, har da babban da bai nuna alama ba, tunda mataji ɗaya suke amfani da shi. Muna da kyanwa wadda gashin bayan kunnenta ya zube, ita ma mahaifinsu ya ce zai kai ta wurin likitan dabbobi.