Masu kiwon mussa a Sakkwato: me kuke haɗa mata na wasa?

Uwar Mussa, Runjin Sambo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da zafi ya shigo mussata ba ta leƙa tsakar gida sai bayan la'asar. Wuni take a ɗaki, ta koma kan labule da kushin da farce. Kayan wasan da nake gani a intanet kuɗinsu ya fi ƙarfina. Me kuke haɗa musu da hannunku? A taimaka da abin da aka gwada.

Ɗan Baduku, cikin gari: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu dukanci munka gada, ragowar fatar jar akuya ba ta ƙarewa gidanmu. Nakan yanki wadda ba a rina ba, kamar faɗin tafin hannu, in ninke ta in ɗinke da siffar ɓera, in cusa tsumma ciki tam. Wutsiyar ma fata ce, gajera mai kauri. Ƙanshin fatar kaɗai ya isa ya jawo ta: sai ta rungume abin da ƙafafun gaba, ta yi rigingine tana harbinsa da na baya. Kada dai a sa masa ido da maɓalli ko dutsen ado, za ta ɓalle ta haɗiye. Ki je wurin kowane baduku ki ce ragowar yanka kike so, ba zai hana ki ba.

Inna, Gidan Igwai: 'Yata, goruba. In jikokina sun gama gwaguya sai in wanke ƙwallon in shanya. Ba ya gangarawa miƙe a kan siminti, karkacewa yake yi, shi ke haukata ta. Kuma ya fi bakinta girma. Amma ki ɗauke shi da dare in kina son barci.

Malam na Arkilla: Nawa karan dawa ne da gashin zabo, na ɗaure a ƙarshen karan da tsirin atamfa. Abin da na lura shi ne, yadda ake jan abin ya fi abin kansa muhimmanci. Yara sukan kaɗa mata shi a fuska, ta kau da kai, su ce ba ta son wasa. Ɓera ba ya tunkarar kyanwa. Ja shi nesa da ita a hankali, ka tsaya, ka ɓoye shi bayan randa da ɗan gashin a waje. Za ka ga ta lafe, idonta ya buɗe baƙi ƙirin, tana karkaɗa gindi kafin ta yi tsalle. Ka bari ta riƙa kamawa, in ba haka ba ranta ɓaci yake yi. Bayan asuba da gab da magariba ne lokacin farautarsu. Minti 10 ya isa, sai a ba ta abinci, ta lashe jikinta ta kwanta.

Tela ta Mabera: Don Allah a kiyayi zare. Magen maƙwabciyata ta haɗiyi zaren saƙa, ta daina ci, sai amai. Tiyata aka yi mata kafin ta rayu, kuma na ga wahalar da ta sha. Tun daga nan nake rufe kwandon ɗinkina, allura da zare duk a cikin gwangwani.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: Gaskiyarki Anti. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, shi ya sa in zare ya shiga baki tofarwa ke yi mata wuya. Yakan maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce ciki ya tattare hanji har ya yanke shi. In kin ga zare a bakinta ko a duburarta kada ki ja, a kai ta asibitin dabbobi nan take. Robar ɗaure kuɗi da ledar fiya wata su ma haka. Kuma kada a ba ta farasitamol ko ɗan ɓari, kisa yake yi. Malam, karan nan naka a rataye shi sama in an gama. A watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40, in ta fara haki baki buɗe a tsayar da wasan, a kai ta inuwa da ruwa.

Yaya ta Gawon Nama: Tawa ba ta kula komai sai da abinci a ciki. Ƙaramin goran duma na samu, na huda shi wuri-wuri yadda ƙafarta za ta shiga, na goge bakin hujin da ƙarfe don kada ya karce ta. Sai in zuba gutsuren busasshen kifi da na zare wa ƙaya. Tana ture shi daga ƙofar ɗaki har gindin madafi tana zura hannu. Banda kifin miya ko ragowar tsire, don albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini. A zazzage goran kowace yamma, in ba haka ba kiyashi ne za su riga ta.