Kwamfutata tana mutuwa tsakiyar aiki bayan na ƙara wa furosesa gudu, ina neman shawara

Mai Editin Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shago a Mabera inda nake haɗa bidiyon biki da na walimar saukar Alƙur'ani. Kwamfutar tebur nake aiki da ita, na hannu ce na saya bara. Furosesarta Intel i5-9600K ce a kan madabod Z390, ram giga 16, na'urar sanyayawa mai fanka ɗaya, sai akwatin wuta mai wat 550 da ta zo da shi.

A watan Disamba na shiga bayos, wurin saitin madabod, da kaina na ɗaga lambar ninki mai tsayar da gudun furosesa zuwa 50, wato gigahaz 5.0 a kan dukkan ƙwaƙwalenta shida, alhali kamfani ya tsayar da ita a 3.7, in ta yi ƙoƙari ta taɓa 4.6. Boltej na sa 1.28 da hannu. A daren kuma na kunna XMP, saitin ƙara wa ram gudu, ram ta koma 3200. Na gwada Cinebench, manhajar auna ƙarfin furosesa, sau biyu, zafi bai wuce digiri 78 ba, na rufe na tafi gida da murna. Wata uku cur ko tari ba ta yi ba, kuma fitar da bidiyo ya ƙara sauri yadda ni kaina na ji a jikina.

Tun tsakiyar Maris abu ya sake. Da farko sau ɗaya a mako, yanzu kullum sai ta yi. Shuɗin allo ne ke fitowa, galibi da rubutun WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, sau biyu na ga CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, sau ɗaya kuma MEMORY_MANAGEMENT. Abin da na lura shi ne ba ta yi sai ina fitar da bidiyo, kuma tsakanin azahar da la'asar. Bayan isha'i lafiya lau take aiki.

Jiya ƙanen wani ango yana zaune a bencin shagona da filas ɗinsa a hannu, tun daga Wamakko ya zo, aiki ya kai kashi 87 sai allo ya yi shuɗi. Na sake farawa, ta sake mutuwa a 60 da wani abu. Yaron bai ce mini komai ba, agogo kawai ya duba ya ce zai dawo gobe. Wallahi da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na sake zuba Windows, ba abin da ya canza. Wani abokina ya ce in kai boltej 1.4 in huta. Shin furosesar ce na ƙona? Ko in bi maganarsa? Da wannan na'ura nake ci da iyalina, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Gawon Nama:

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka yaya, ba ta ƙone ba. Furosesar da ta ƙone ba ta tsayawa zaɓen azahar da isha'i. Waɗancan saƙonni biyu na farko yawanci yunwar wuta suke nufi, gudun da ka ɗora mata ya fi abincin da kake ba ta. Amma kada ka yi tsalle zuwa 1.4. Ƙara 0.01 ka gwada, in ta sake ka ƙara wani. Tawa 9600K ce ita ma, sai da ta sha 1.32 kafin ta zauna a 5.0. Kowace da halinta, ko da lambarsu ɗaya.

Injiniyan Arkilla:

Malam Mai Editi, sannu da wannan jarrabawa. Ƙanena na Gawon Nama ya faɗi gaskiya game da ma'anar saƙonnin, amma ban yarda ka fara da ƙarin boltej ba, kuma zan faɗi dalili.

Amsar tana cikin labarinka. A Disamba ka yi gwajinka, da dare, cikin hunturu, lokacin da ake kwana da bargo a garin nan. Yau muna Afrilu, rana tana haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba, kuma in shagonka rufin kwano ne, cikinsa ya fi waje. Na'urar sanyayawa ta iska ba ƙanƙara take yi ba, iskar ɗakin take ja ta hura wa ƙarfe. In iskar ɗaki ta ƙaru da digiri 20, furosesa ma za ta ƙaru da kusan haka. Wancan 78 naka na Disamba yau yana iya zama 95 ko sama, kuma iyakar wannan furosesa digiri 100 ne, daga nan take rage wa kanta gudu don ta tsira.

Ga inda abin yake da sarƙaƙiya. Furosesa in ta yi zafi, tana buƙatar ƙarin boltej kafin ta riƙe gudun da take riƙewa cikin sanyi. Shi ya sa 1.28 ya ishe ta da dare bai ishe ta da rana ba. To amma ƙarin boltej shi kansa zafi yake haifarwa, kuma ba kaɗan-kaɗan ba, domin wutar da take ci tana tashi ne da ninkin boltej a kan kansa. Ka ƙara mata don ta zauna, ta ƙara zafi, ta sake neman ƙari. A 1.4 da fanka ɗaya a bazarar Sakkwato, rage mata kwana kawai za ka yi. Ni a irin wannan furosesa ba na wuce 1.35 don aikin yau da kullum, shi ma sai da sanyaya mai kyau.

Abu na biyu, ka canza abu biyu a dare ɗaya. XMP ma ƙarin gudu ne, mutane suna mantawa da haka don dannawa ɗaya ce. Gudun ram da Intel ta amince wa wannan furosesa 2666 ne, kai kana 3200. Wancan MEMORY_MANAGEMENT da ka gani sau ɗaya yana nuna ɓangaren ram, ba lallai ciwo ɗaya ne da sauran ba. Yanzu ba ka san wane ne mai laifi a cikinsu ba.

Don haka ga yadda zan yi da tawa ce. Ka shiga bayos ka mayar da komai yadda kamfani ya saita, har da XMP. In ta ƙi kai ka bayos, kashe ta, zare wayar wuta, cire ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. Sannan ka sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da boltej, ka bar shi buɗe, ka fitar da wancan bidiyon na ango da ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da take mutuwa. In ta gama lafiya, kayanka ƙalau suke, saitinka ne ya gaza. Ka rubuta mana zafi mafi girma da ka gani, da boltej ɗin da take samu tana tsakiyar aiki. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin abin da ka rubuta a bayos ba shi take sha ba idan nauyi ya hau ta, yakan zube ƙasa. Akwai saitin da ake kira LLC mai rage wannan zubewar, amma sai mun ga lambobinka tukuna. Ka duba can ƙasan jerin HWiNFO kuma, akwai layin da ke ƙirga kurakuran WHEA. Ko allo bai yi shuɗi ba, in lambar nan ta wuce sifili, ba a zauna ba.

Cinebench sau biyu kuwa ba gwaji ba ne, gaisuwa ce.

Baba Mai Gyara, Kofar Atiku:

Ɗana, duk abin da Injiniya ya ce ka bi shi. Ni dai tambaya guda gare ni: yaushe rabonka da buɗe akwatin wagga kwamfuta? Hunturu guda ya wuce ta kanta. Ƙurar da ke shiga shagunanmu daga Disamba zuwa Fabrairu, ko tsumma kake bi da shi kullum sai ta sami hanya. Satin da ya wuce anka kawo min wata, da na cire fankar na iske ƙura ta yi kamar bargo tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen, na ɓanɓaro ta da yatsa ta taho a haɗe kamar fatar tuwo. Fanka na juyawa, mai ita na jin ƙara yana ganin lafiya, alhali iska ba ta ratsawa.

Ka fitar da ita waje ka hure ta da abin hura iska, amma ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ka cire na'urar sanyayawar, ka goge tsohon man da ke kan furosesa da sifirit, ka sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Tun da ta hannu ce, Allah kaɗai ya san shekarun wanga mai. In ka iske shi ya bushe yana farfashewa kamar busasshen laka, to ka gano rabin ciwonka.

Sai batun wuta. Ka lura da kyau, in shuɗin allo take nunawa, maganar Injiniya ce. In kuwa ɗif take yi kamar an zare waya, ba rubutu ba komai, to ka tuhumi akwatin wutarta ko wutar da ke shigo maka. Da rana kowa ya kunna fanka da firij, wutar gari takan yi rauni, ƙaramin janareta kuma ba ya tsayawa wuri guda. Da mi kake ba ta wuta?

Mai Editin Mabera:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma Baba. Kwana biyu na yi ina bin maganarku ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in taɓa komai sai da na buɗe HWiNFO a kan tsohon saitin don in gani da idona. Ƙarfe biyu da kwata, minti huɗu da fara fitar da bidiyo, zafi ya kai 97. Boltej da na rubuta 1.28 ya sauko 1.23. Layin WHEA ya nuna 6 kafin allo ya yi shuɗi. Jikina ya yi sanyi, wata guda ke nan ina gasa ta haka ban sani ba.

Na mayar da komai na kamfani, bidiyon ango ya fita lafiya, na kai masa har gida da kaina na ba da haƙuri. Amma ko a haka zafin ya kai 84, sai na bi ta Baba. Abin da ka kwatanta shi na tarar, har da wata busasshiyar fara a ƙasan akwatin. Man kuwa ya zama gari. Bayan hurewa da sabon mai, aiki iri ɗaya, lokaci ɗaya, ta tsaya a 71.

Wuta kuma Baba, ta sitabilaiza take bi in akwai ta gari, in babu sai janareta. Ɗif ɗin nan ta taɓa yi sau ɗaya a kan janareta, ban kawo shi cikin lissafi ba sai da ka faɗa.

Yanzu Injiniya, ina son in ɗan koma sama ko ba 5.0 ba, domin bambancin lokacin yana taimaka mini in aiki ya taru. Ta ina zan fara?

Injiniyan Arkilla:

Madalla. Fara da ram ita kaɗai. Kunna XMP, bar furosesa yadda take, sa MemTest86, manhajar gwajin ram, a filas ka bar shi ya zagaya sau huɗu, yakan ci sa'o'i, don haka ka bar shi ya kwana. Kuskure ko guda ɗaya ne, sauko da ita 3000 ko ka bar ta a 2666. Sai ta wuce wannan za ka taɓa furosesa.

Daga nan ka sa ninki 47, boltej wajen 1.25, LLC a matsakaici. Kada ka kai shi ƙarshe, domin a can yana iya harba boltej sama da abin da ka rubuta. Gwada da OCCT ko Prime95, manhajojin da ke ɗora wa furosesa nauyi, na awa ɗaya, da rana tsaka, ƙofar shago yadda ka saba barinta. In ta wuce kuma zafi bai haura 85 ba, hau 48 ka maimaita. Duk inda ta faɗi, ko zafi ya tsallake, koma matakin baya ka tsaya nan. Ka riƙa rubuta kowane canji a takarda.

Akwai wani saiti da ya dace da sana'arka musamman. Manhajojin matse bidiyo suna amfani da umarnin AVX, waɗanda suka fi komai dafa furosesa, shi ya sa ba ta mutuwa sai wajen fitarwa. A bayos za ka ga inda ake rage gudu idan irin wannan aiki ya zo. In ka sa 2, za ta sauke megahaz 200 a lokacin kawai, ta koma sama in an gama.

Tunda ta yi ta mutuwa tana tsakiyar rubutu a faifai, buɗe wurin umarni, wato Command Prompt, a matsayin mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, ya duba ko fayilolin Windows sun lalace. Batun janareta kuma UPS yake so, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta in wuta ta yanke, in hali ya yi.

Tsakanin 4.8 da 5.0 bambancin bai kai kashi 5 cikin 100 ba. A bidiyon da ke cin minti 40, abin da za ka rasa bai cika minti biyu ba.

Ɗan Gawon Nama:

Na karɓi gyara Injiniya. Ni tawa a ɗaki mai iyakwandishan take, na manta ba kowa ke da wannan ba. Yaya Mai Editi, yawancin madabod na Z390 suna barin ka adana saiti fiye da ɗaya a bayos, ka duba naka.

Mai Editin Mabera:

Ram ta kwana a MemTest86, ta wuce ba kuskure a 3200. Furosesa ta zauna a 4.8 da boltej 1.26, ragin AVX na sa 1. Na gwada 4.9, WHEA ya nuna 2 cikin minti ashirin, sai na dawo. Yau na fitar da bidiyon walima uku a jere daga azahar zuwa bayan la'asar, mafi zafinta 82, layin kurakurai yana sifili. Na adana saitin da sunan Bazara kamar yadda Ɗan Gawon Nama ya nuna mini, na kuma ɗaga akwatin daga ƙasa na ɗora shi kan tebur nesa da ƙofa. UPS sai ƙarshen wata in Allah ya yarda. Baba, ranar Asabar zan biyo ta Kofar Atiku in gaishe ka, zan taho da akwatin wutar ka duba mini shi.