Wane suna za mu ba wa "indie" da Hausa?

Jama'a, ku zo mu raba gardamar nan. "Album" dai mun gama da shi, kundi ne, kowa ya yarda. "Electronic" ma ba wuya: kiɗan na'ura. Wanda ya saurari abin da Mamman Sani ya ɗauka da ogan ɗinsa a Nijar a 1978 ya san me ake nufi. "Indie" ce ta ƙi zama.

Asalinta a harkar kasuwancin waƙa yake, gajeren "independent" ce, wato mai 'yancin kansa. A Ingila, a ƙarshen shekarun 1970, ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchesta da Mute suka riƙa buga faifai ba tare da manyan kamfanoni ba. A 1980 aka buɗe musu jadawalin ciniki nasu na daban. Ƙungiyar mawaƙa ta Depeche Mode a Mute suka fito, New Order a Factory, kuma duk da na'ura suke kiɗa.

Wani ya ce mu ce "mai zaman kansa". Ban yarda ba. A Hausar jarida, kamfani mai zaman kansa shi ne wanda ba na gwamnati ba, ka ga manyan kamfanonin waƙa uku, Sony da Universal da Warner, duk sun shigo ciki, alhali su ake gudu. Sannan ku gwada ta a kan mace. Mawaƙiya Grimes ta haɗa kundinta Visions na 2012 ita kaɗai a ɗakinta a Montreal da manhajar haɗa kiɗa ta GarageBand. Wa zai rubuta "mawaƙiya mai zaman kanta" ya kwana lafiya?

"'Yan sa-kai" kuwa, sai mutum ya ɗauka da gora da tocila za su hau dandamali.

"Cin gashin kai" ta fi dacewa, don tana nuna ba ka da ubangida. To amma yau kalmar ta tashi daga maganar kwangila ta koma maganar sauti. Adele a XL ta yi suna, kamfanin da ba ya ƙarƙashin manyan nan uku, ba kuwa mai kiranta "indie". Ƙungiyar MGMT a Columbia, wato gidan Sony, suka fitar da Oracular Spectacular a 2007, kuma kowa "indie" yake kiransu. Ko Give Up na The Postal Service, na 2003, wanda Ben Gibbard da Jimmy Tamborello suka haɗa ta hanyar aika wa juna faifai ta gidan waya, a kamfanin Sub Pop ya fito, kuma Warner na da kashi 49 cikin ɗari na Sub Pop. Ina cin gashin kan?

Wata 'yar'uwa ta kawo "kiɗan bayan fage". Ta yi daɗin faɗi, Hajiya, sai dai ƙungiyar The xx, da ake kira "indie", sun ci babbar kyautar waƙa ta Birtaniya, Mercury, a 2010 da kundinsu na farko. Wannan ai tsakiyar fage ne.

Shi ya sa nake ganin a raba aikin gida biyu. In maganar wanda ya mallaki faifai ake, a ce mawaƙi mai cin gashin kansa, kamfani mai cin gashin kansa. In maganar salo ake, murya ƙasa-ƙasa da kiɗan da bai sha gyaran situdiyo ba, a ari kalmar a rubuta "indi", kamar yadda muka ari "fiyano" ba wanda ya yi ƙorafi. Give Up ya zama kundin indi na kiɗan na'ura ke nan. Masu aikin rediyo, ku gwada ta a baki ku faɗa mana ko tana tafiya.