Dattijo mai rauni da ƙurji a ƙwaƙwalwa: a zuƙe mugunyar ko a tsaya kan magani?

Assalamu alaikum, 'yan uwa likitoci. Shawararku ake nema kan wani baba ɗan shekara 74, mai ciwon suga, wanda kunnensa na hagu ya daɗe yana zubar da mugunya. Hoton siti sikan ya nuna ƙurji guda ɗaya, santimita 3, a sashen ƙwaƙwalwa da ke saman kunnen, da kumburi kewaye da shi.

Kwana 10 ke nan yana kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato ceftriaxone giram 2 sau biyu a rana da metronidazole miligiram 500 duk awa 8, ta jijiya. Zazzaɓi ya sauka, ƙurjin kuwa bai ragu ba.

Ga inda gizo ke saƙa. A ƙa'ida, ƙurjin da ya wuce santimita 2.5 zuƙe shi ake yi ta ƙaramin huji a ƙoƙon kai, a gwada mugunyar a san ƙwayar cutar. Amma baban ya rame, ba ya tashi daga gado sai an kama shi, albumin ɗinsa (wani furotin da ke cikin jini) ya yi ƙasa, ƙodarsa ma ba lafiya. Likitocin da ke sa barci a lokacin tiyata suna ɗari-ɗari. Jira kuma yana da nasa haɗarin: ƙurjin yana kusa da ramin ruwan ƙwaƙwalwa, idan ya fashe ciki da wuya a tsira.

Shin a zuƙe da allurar kashe zafi ta wurin kawai? Maganin dexamethasone da ake ba shi don rage kumburin yana hargitsa sugansa, yaushe za a janye shi? Sannan mako 6 zuwa 8 na metronidazole a jiki irin wannan, ta yaya kuke sa ido kan lahanin jijiyoyin ƙafa da maganin kan iya jawowa?