Ford E-350 ta hannu: za ta iya jan janareta tsakanin Jos da Abuja?

Mai_Rumfa_Bukuru:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san mota. Sana'ata ba da haya ce: rumfuna, kujerun roba, lasifikoki da janareta, na biki da na taro. Da a Jos da Bukuru kawai nake aiki, yanzu kuma kiran Abuja ya fara yawa, kuɗin hayar mota kuwa na neman cinye ribar.

Na ga wata Ford E-350 ƙirar 2008 wurin wani dila a Abuja, doguwar nan mai kujera 15, injin fetur V8 5.4, otomatik, daga Amurka aka shigo da ita. Agogonta na nuna 170,000. Niyyata in cire kujerun baya in zuba kaya, in ɗaura janaretan a bayanta. Yana kan ƙaramar tirelarsa mai taya biyu, duka-duka za su kai tan ɗaya da rabi. Dilan ya ce ko gida na ɗaura mata za ta ja, amma ai mai sayarwa ba ya kushe hajarsa. Yaya take a doguwar hanya, kuma za ta iya da Hawan Kibo da wannan kaya?

Bakanike_Apo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko 170,000 ɗin nan mil ne, ka ninka da 1.6, ta haura kilomita 270,000 ke nan. Wannan bai isa ya tsorata ka ba, injin 5.4 yana da juriya idan ya samu baƙin mai a kan lokaci. Ja kuwa za ta ja. A takarda irinta na jan wajen tan 3, naka rabin haka ne.

Giyabos ne abin dubawa. Ka zaro sandar man giya ka goga a farin ƙyalle. Idan ja ne garau, madalla. Idan ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura da ita. Zafi ne ke kashe otomatik, kuma babu inda take zafi kamar a hawa da kaya. Ka leƙa gaban lagireto ka ga ko akwai ƙaramin lagireton man giya, in babu a sa maka, ba shi da tsada idan ka kwatanta da sauke giyabos. A bakin sandar giya akwai maɓallin O/D, wato na giyar ƙarshe ta gudu, ka kashe shi duk lokacin da ka ji tana ta canje-canjen giya a hawa.

Sannan ka kwanta ƙarƙashinta da tocila. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara gishirin titi na cin ƙasansu, kuma bututun birki yake fara ci. Ka ƙwanƙwasa shasi ta baya, inda ƙugiyar ja za ta zauna. Kar ka yarda mai walda ya manna maka ƙugiya a bamba, da kusoshi ake ɗaure ta a jikin shasi.

Tsohon_Direba_Akwanga:

Ɗana, bakanike ya gaya maka na gareji, bari in gaya maka na hanya. Daga Abuja zuwa Keffi har Akwanga ba ka da damuwa, motar na zama daram a titi, babbar mota ta wuce ka ba za ka ji ta kaɗa ka sosai ba in tayoyinka na da iska. Hawan Kibo a dawowa ma za ta hau, sai dai ka sani Jos na kan tudu wajen mita 1,200, iska ta fi sauƙi, injin da ba turbo kan rage ƙarfi kaɗan. Ka sa ido a allurar zafi, ka kashe na'urar sanyi.

Ni abin da ya dame ni tafiyarka ce, ba dawowarka ba. Daga Jos za ka taso da lodi, wato gangara za ka yi da tan ɗaya da rabi yana turo ka ta baya. Ka faɗi nauyin tirelar, ba ka faɗi ko tana da birki ba. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a nan gatarin tsohuwar mota ne aka yi wa walda, babu birki ko na magani. A Turai tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma ba don ado suka sa dokar ba. Na taɓa tsayawa a ƙasan gangaren nan na tarar da wata bas tayoyinta na gaba na hayaƙi, direban na kwara musu ruwan leda, ya ce tun daga tsakiya birkin ya koma kamar soso a ƙafarsa. Allah ne ya tsare. Kafin ka fara sauka ka mayar da giya 2, inda ya yi tsanani 1, injin ya riƙe ta yana kuka. Birki kuma ka taka da ƙarfi ka saki, kar ka ɗora ƙafa ka bar ta a kai.

Sai maganar doguwar E-350. Da ita da gajeriyar tazarar tayoyinsu ɗaya ce, bodin kawai aka ƙara ta baya. Duk abin da ka ɗora a wutsiyar nan yana ɗaga gaba, sitiyari ya yi sako-sako. Tun 2001 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi gargaɗi cewa bas-bas masu kujera 15 na saurin kifewa idan an cika su. Don haka ƙarafan rumfa da lasifikoki su zauna a ƙasa, tsakanin tayar gaba da ta baya. Kujerun roba su ne na can baya. Saman mota kar ka ɗora komai.

Hajiya_Farin_Gada:

Malam, ni ban san giyabos ba, amma na san lissafi. Kayan gwari nake turawa Abuja, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 duk wanda na sani mai V8 kuka yake. Tankinta ya haura lita 130. Ka zauna da biro ka lissafa zuwa da dawowa kafin ka biya. Kuma in Hiace ta lalace maka a Gwantu za ka samu mai gyara da kayan gyara nan take, wannan kuwa sai an aiko daga kasuwar kayan gyara ta Apo a Abuja ko ta Ladipo a Legas, ga amarya na jiran rumfa.

Mai_Rumfa_Bukuru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je na duba, gaskiyarka, tirelar ba ta da birki, sarƙa ɗaya ce kawai a jikinta. Hajiya, na yi tunanin Hiace, amma ƙarafan rumfata dogaye ne, kuma ban ga alamar za ta ɗauki kaya ta kuma ja janareta ba. Oga bakanike, birkin tirelar fa, ana iya sa mata?

Bakanike_Apo:

Ana iya. Mafi sauƙi a nan shi ne irin na Turai: idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo, hancinta ya matse ya ja birkin da kansa, babu ruwanka da waya. Sai dai dole a canza gatarin zuwa mai birki. Ka lura ƙwallon ƙugiyar Amurka inci 2 ne, na Turai milimita 50, sun kusa amma ba ɗaya ba ne, ka sayi ƙwallo da hancin da suka dace da juna. Sarƙa biyu za ka sa, a gicciye ƙarƙashin hancin, a kuma ja wa tirelar fitilun baya.

Nauyin da ke kan ƙugiya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tirelar, a naka kilo 150 zuwa 225. In janaretan ya koma baya da yawa za ta riƙa wutsil-wutsil da kai a gudu. Wannan nauyin kuma yana cikin lodin motar, ka buɗe ƙofar direba ka ga takardar da ke manne a ginshiƙi, an rubuta iyakar nauyinta da iskar taya. Tayoyin baya iska 80 suke sha, masu faci da yawa a 50 suke tsayawa sai ka matsa musu. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar, mako ne da shekarar da aka yi ta. Duk wadda ta wuce shekara shida a cire ta ko da zanenta bai cinye ba.

Ranar gwaji ka ce wa dilan da janaretan za ka gwada ta, ko zuwa Keffi ne ku dawo. In ya ƙi, ka turo min hoton sandar man giyar da na ƙarƙashinta ta baya in gani.