"Ƙiba daban, kumburi daban": wa aka gaya wa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Jiya surukata ta ce na bar ɗana ya rame, wai yaron da ake kula da shi kumatunsa ke nunawa. Maigida ya ce, "Hajiya, ƙiba daban, kumburi daban." Har yanzu ba ta amsa gaisuwarmu. Rashin kunya ya yi?

Ɗan Dattijo: Ni da dukiya na san karin maganar nan. Ta halal ƙiba, ta haram kumburi. Ba maganar jiki ba ce.

Malamar Jinya: Baba, ta jiki ce ma. Amma karin maganar da kanta ta ɗauka ƙiba alheri ce, nan nake ja da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 na fama da ƙiba mai yawa, kuma tana jawo ciwon suga da hawan jini. Masu shan maganin dexamethasone don su cika kuwa, fuska ke kumbura, ƙashi na lalacewa.

Autar Kaka: Kun tuna min kakata, Allah Ya jiƙanta. Mace ce mai jiki tun tana budurwa, haka 'yan uwanta duka. Abincinta bai kai na yaro ba, da asuba take tashi aiki, amma kullum ana ce mata mai ci. Har ɓoyewa take in za ta ci abinci. Da ta tsufa ƙafafunta suka cika, aka ce hutu ne ya karɓe ta. Wata rana na danna ƙaurinta da yatsa, gurbin ya ƙi tasowa. Ashe zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru. An zage ta kan ƙibar gado, an yabe ta kan ciwon da ya kashe ta.

Malamar Jinya: Allah Ya gafarta mata. Gado na da hannu sosai a ƙiba, haka ƙarancin barci da wasu magunguna.

Sarkin Tsokana: To wanda ya shiga ofis kamar sillen kara, shekara biyu rigarsa ta ƙi shiga, wanne ne?

Ɗan Dattijo: Wannan a bari sai ya faɗi zaɓe, a danna a gani.

Maman Biyu: Jama'a, Hajiya fa? In je in ba ta haƙuri?

Autar Kaka: Je ki, Yaya. Amma kar ki ɗura wa yaron komai.